Ɓarawon Matacin Mma

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, akwai wani dattijo da ya kama ɗaki a gidanmu na unguwar Nima, a Accra. Jiya ina tace gero ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarinsa tun ni ma mantuwa ba ta fara leƙo ni ba.

Gidanmu irin gidajen Zongo ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Mahaifinmu ne ya bar mana shi. Ni da mahaifiyata muna gefe guda, sauran ɗakunan na 'yan haya. Yayana yana unguwar Maamobi da iyalinsa, shi ke da ta cewa a kan gidan. Ni ɗinki nake yi, kekena yana baranda, don haka duk abin da zai faru a gabana yake faruwa, yawanci ma da bakina a ciki. A lungunmu in an ji hayaniya ba a tambayar wace ce, sai dai a ce yau kuma da wa take yi.

Dattijon nan malamin makarantar boko ne da ya yi ritaya, mutumin bakin teku, matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa. Ticha muke kiransa. Ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci. Da aka matsa masa da tambaya ya ce shi addinin Buda yake bi. A ɗakinsa akwai wani ɗan akwatin katako a jikin bango. Safe da yamma yakan zauna a gabansa da carbi, ya buga ƙaramar ƙararrawa, ya yi ta maimaita wasu kalmomi da ba mu ji, sannan ya yi shiru na dogon lokaci. Kun san halinmu, kafin wata ya cika an gama yanke hukunci cewa tsafi ne. Ni dai abin da ya fi ba ni haushi da shi ba ƙararrawar ba ce, ƙa'idarsa ce. In ka ajiye bokiti a layin famfo ka tafi hira, sai ka dawo ka tarar ya matsar da shi gefe, ya kuma yi maka bayanin dalili.

Mahaifiyata kuwa, wadda duk lungu ke kira Mma, mai koko ce. Kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita, daga Maamobi mutane ke tsallako babbar kwata da kofunansu saboda kokonta, mai citta da kanumfari da barkonon da ke sa mutum gumi tun da sassafe. Da ta bar sana'ar sai mantuwa ta shigo. Da farko dariya muke yi, ta sa gishiri sau biyu, ta nemi ɗankwali yana kanta. Daga baya dariya ta ƙare. Ta fara tambayar yaushe mahaifinmu zai dawo daga kasuwa, mutumin da ya daɗe a kabari. Likita ya ce ciwon tsufa ne na ƙwaƙwalwa, ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Ni ban yarda ba. Na ɗauka in na dage da gyara mata magana za ta dawo hayyacinta. Ta tambayi Baba, in ce ya rasu, ta yi kuka sabo fil, gobe ta sake tambaya in sake faɗa mata.

Ana cikin haka ta samo wani sabon abu. Kullum bayan sallar asuba sai ta nufi ƙofar Ticha ta hau bugawa.

"Kai ɓarawo! Fito mini da kayana!"

Sai ya buɗe, zane a kafaɗa, ya ɗan rusuna. "Ina kwana, Mma."

"Ban haifi ɓarawo ba. Ka ba ni kayana, azzalumi, mai cin amana!"

In an tambaye ta wane kaya, ba ta iya faɗa. Sai dai zagi, na Hausa, na Twi, har da wasu da ban san ta iya ba. Nakan fito a guje in janye ta, kunya kamar in nutse, sannan in koma in ce Ticha yi haƙuri. Shi kuma ya ce ba komai, ya rufe ƙofa, can ka ji ƙararrawa. Haka aka yi ta yi har damina ta shiga ta fita.

Wata rana abin ya ishe ni. Ni da ba ni ake zagi ba raina ke tafasa, shi da ake zagi yana ba wa shuke-shukensa ruwa a gwangwanaye. Na ce, "Ticha, don Allah kai ba ka da zuciya ne?"

Hausarsa irin ta lungu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "ka" yake ce mini. Ya ajiye gwangwanin ya miƙo mini hannunsa. Rawa yake yi.

"Madam tela, ina da zuciya paa. Duba. Fushi yana zuwa kullum. Kamar trotro ne, motar haya, a tashar Circle, yana tsayawa a gabana, yaron mota yana kira. Amma ba dole in hau ba. Ina zama, ina numfashi, ina kallonsa har ya tashi. Wani lokaci ina hawa oo, sai in sauka a gaba."

Na ce to ai zagin ba shi da dalili, abin da ya fi ciwo ke nan.

"In mutum ya buge ka da sanda, kana faɗa da sanda?"

Na ce a'a.

"Don me? Sanda ne ya taɓa jikinka."

"Ai hannu ne ya riƙe ta."

"To. Haka ake koya mana. Bakin Mma sanda ne. Ciwo ne ya riƙe shi. In zan yi fushi, sai dai da ciwo, shi kuma ba shi da kunne."

Na yi masa murmushin ladabi na koma kan kekena. A raina na ce wannan bai taɓa haɗuwa da masu karɓar ɗinki ranar jajibirin salla ba, da mun ga inda trotron zai kai shi.

Ranar da abin ya ɓaci, ina banɗaki ina wanka. Ticha ya fito da wuri zai je asibiti ganin likitan ido, Mma ta bi bayansa ba wanda ya lura. Da suka kai bakin titi ta ɗaga murya ta ce ɓarawo. A cikin gida wannan kalma ta zama kamar kukan zakara, kowa ya saba. A bakin titin Accra kuwa, tsohuwa ta nuna mutum ta ce ɓarawo, ba a tsayawa tambaya. Wasu samari masu babura, waɗanda ba 'yan lungunmu ba, suka rufe shi. Allah ya sa mahaucin da ke kusa da mu ya fito buɗe rumfa, shi ya ratsa cikinsu yana rantsuwa cewa tsohuwar ba ta da lafiya. Kafin su saurara sun fasa masa leɓe, sun karya tabarau, haƙori ɗaya ya fita. Na iso da sabulu a kunne na tarar da Mma tsaye gefe tana kallo, tana tambaya wa ya yi wa bawan Allah haka.

Daga ranar maganganu suka canza. Wata maƙwabciyarmu ta fara cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, tsohuwar da ke tashi da duhu tana hira da matattu, yanzu ga jini ya zuba ta dalilinta. Ba ta furta kalmar maita ba, amma ta daina barin jikokinta su zo barandarmu. Wasu kuma suka ce ƙararrawar Ticha ce ta juya mata kai. Yayana ya zo ransa a ɓace, ya ce ya gama magana da wani mai magani a bayan gari, can za a kai ta. Na san wurin. Na taɓa raka wata ƙawata dubiya, na ga tsofaffi zaune a gindin bishiya an ɗaure musu ƙafa don kada su yi yawo. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce sai dai a ɗauke mu tare. Ya ce, "Yau haƙori ne. Gobe in aka kashe mutum, ke za ki je kotu?" Duk gidan kuma bayansa suke.

Shi Ticha kwanaki bai fito ba. Ƙararrawar ma ta yi shiru. Da na kai masa kunu na hango jakarsa a ɗaure a kan gado. Na san in ya bar gidan an gama, za a ce ta kori ɗan haya da jini a baki, washegari mota za ta zo ɗaukarta.

Kafin a yi komai, liman ya ce dole a je ban haƙuri yadda aka saba. Aka zuba goro a faranti, liman a gaba, sai yayana, sai mahaucin nan, ni kuma na raɓe a bakin ƙofa. Ticha yana zaune a kan tabarma, leɓe a kumbure, ya ɗaure tabaransa da zare. Liman ya yi doguwar magana mai daɗi. Yayana ya karɓa, ya ce, "Ticha, mun ji kunya. Ka zauna abinka. Mun yanke shawara za mu ɗauke Mma daga gidan, ka huta."

Ticha ya gyara zama ya dubi liman.

"Ba zan yi ƙarya gaban Malam ba," in ji shi. "Na yi fushi. Wannan karo na hau motar, ya kai ni nesa. Na haɗa kaya. Amma in don ni za ku ɗauke Mma, kada ku ɗauke. Ina da tambaya ɗaya. Wannan ɗaki, kafin ni, me ake yi a ciki?"

Yayana ya juyo ya dube ni. Na ce ɗakin kokon Mma ne, nan take jiƙa gero, nan randunanta suke. Da ta bar sana'a aka share aka yi fenti aka sa haya.

"Wancan ƙusa fa?" Ya nuna bayan ƙofa.

Wata tsohuwar ƙusa ce, fenti ya rufe ta. A nan take rataye matacinta, farin ƙyallen da take tace ƙullu da shi. Tun ina yarinya, abu na farko da hannunta ke kaiwa bayan ta sallame asuba ke nan.

"Kullum Mma yana zagina, amma ba ya kallon fuskana. Idonsa yana wuce ni, yana leƙa bayan ƙofa. Na daɗe ina gani ban gane ba. Kwanakin nan da na kwanta, ba abin kallo sai ƙusa. Mma ya zo aiki ne, ya tarar da baƙo a ɗakinsa, ba gero, ba ƙyalle. Ko ni ne zan ce ɓarawo."

Ya roƙi a ba shi lokaci ya gwada wani abu. Yayana ya fara cewa ai magana ta riga ta ƙare, liman ya ɗaga masa hannu. "Wanda aka daka ya ce a dakata. Kai da ba a taɓa ba, saurin me kake yi?" Yayana ya yarda ba don ransa ya so ba, da sharaɗin in ta sake bin wani waje, ba sauran shawara.

A ranar na zazzage ƙarƙashin gadonta. Can cikin tsofaffin kwanoni na sami matacin a dunƙule, ya yi ja saboda daɗewa. Na wanke, na jiƙa gero, na kai inji da citta da kanumfari, Ticha da kansa ya rataye ƙyallen a ƙusa. Muka ajiye baho da kujerar tsuguno a ƙofarsa.

Da asuba ta zo yadda ta saba. "Kai ɓarawo!" Ina laɓe bayan labule. Ticha ya buɗe ƙofar gaba ɗaya ya matsa gefe. Ta ɗan tsaya. Sannan ta miƙa hannu bayan ƙofa ba tare da ta duba ba, ta zaro ƙyallen, ta kakkaɓe shi sau biyu yadda take yi, ta zauna a kujerar. Ta sa yatsa a ƙullun ta ɗanɗana, sai ta hango ni.

"Wa ya niƙa wannan? Citta ta yi kaɗan. Ke, kin tsaya kina kallona, ina ruwa?"

Matar da ba ta san ranar mako ba, ba ta san mijinta ya rasu ba, hannunta bai manta komai ba. Ta tace, ta matse, ta sake tacewa. Na hura gawayi ina share hawaye ina cewa hayaƙi ne. Da kokon ya yi, ta zuba a kofi ta miƙa wa Ticha, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai baƙo ne a gidan nan?"

"Eh, Mma."

"To ka riƙa kulle ɗakinka. Akwai ɓarawo."

"Na gode, Mma. Zan kula."

Kada ku ɗauka warkewa ta yi. Akwai ranakun da ƙyallen na hannunta tana zaginsa, akwai ranar da ta watsa masa ruwan gero a ƙafa. Amma ba ta sake bin kowa waje ba, don safiyarta ta sami abin yi. Kokon kuma ya fi ƙarfin cikinmu mu uku, sai aka fara miƙo kofuna daga sauran ɗakuna. Maƙwabciyar nan ta jima tana riƙe da matsayinta, har ranar da ƙamshi ya ci ƙarfinta ta turo babban kofi. Yana da wuya ka sha kokon mutum da safe ka kira shi maye da rana. Yayana ya zo wata Juma'a ya sha kofi biyu a tsaye, maganar bayan gari ba ta sake tasowa ba.

Saura ni. Wata safiya tana tata ta ce in leƙa ko Baba ya taho. Na buɗe baki na ce, "Mma, sau nawa zan gaya miki..." Ta saki ƙyallen ta fara kuka. Bayan na kwantar da ita, Ticha ya same ni a bakin famfo.

"Madam tela, a wurinmu haƙuri ba na zagi kaɗai ba ne. Akwai wanda ya fi wuya, mutum ya iya kallon abu yadda yake, bai kau da kai ba. Mma na da ba zai dawo ba. Kana jan wancan, kana ɓata wa wannan rai. Wannan kuwa yana nan, yana tace gero."

Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce masa uwata ce ba tasa ba, na ɗauki bokitina, ranar ko gaisuwar yamma bai samu ba. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da likita ya yi magana. A nan na yi makokin uwata, tana ɗaki na kusa tana barci. Da ta sake tambayar Baba, na haɗiye abin da ke bakina na ce, "Me zan ajiye masa, Mma?" Ta ce koko, kada in cika sukari, ba ya so. Ta ci gaba da aikinta tana 'yar waƙa.

Haka muka zauna har Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinta, a kan gadonta, hannunta cikin nawa. Ranar jana'iza Ticha bai shiga sahu ba, ya tsaya daga nesa da farar riga har aka dawo daga maƙabarta. Bayan addu'ar bakwai, mutane sun watse ina tattara tabarmi, ya zo da wani abu a ninke a hannu biyu.

"Madam tela, na kawo kayan sata."

Matacin ne. Na fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, shi ma ya cire tabarau yana goge ido.

"Shekaru ina zama gaban akwati ina cewa na koyi haƙuri," in ji shi. "Wa ya gwada ni? Akwati ba ya zagi. Ana koya mana wanda ya tsokane ka shi ne malaminka, don in ba shi, ba ka da inda za ka gwada. Ina faɗa da baki, ban sani ba sai a gidan nan. Mma ne babban malamina. Kuɗin makaranta haƙori ɗaya, ya yi araha."

Ni Musulma ce, kuma tun a makarantar allo aka karantar da ni falalar haƙuri. Ba ranar da ba na ce wa wani yi haƙuri, ba ranar da ba a ce mini. Amma da na ɗauka haƙuri shi ne ka cije, ka haɗiye, ka jira abin ya wuce ko wanda ya ɓata maka ya ga sakayya. A wurin dattijon nan na ga wani iri. Ya ji zafi, ya faɗa, har kaya ya haɗa, amma bai bar zafin ya rufe masa ido ba. Mu da aka haifa a gidan muna jin zagi kawai, shi da ake zagi ya ga ƙusa. Da ya rama ko sau ɗaya, ko ya tafi abinsa, wanda ba mai ganin laifinsa, da uwata a gindin bishiya ta ƙarasa kwanakinta da igiya a ƙafa. 

Zuciya dai har yanzu ina da ita, kada masu kawo mini ɗinki su karanta wannan su ce an samu sauƙi. Trotron yana tsayawa, sau da yawa ina ciki kafin in tuna, wani lokaci ma ni ce a gaba kusa da direba. Sai dai yanzu in mutum ya tsaya a gabana yana zuba mini magana, nakan ɗan duba inda idonsa yake kallo.

Ticha ya koma garinsu wurin 'yarsa da ƙarfinsa ya ragu, daga baya labarin rasuwarsa ya iso mu. Matacin yana rataye bayan ƙofata, da shi na tace geron jiya. Shi kaɗai ne ɓarawon da na sani wanda ya ci duka a kan kayan da bai ɗauka ba, kuma ya dawo da su a wanke, a ninke.